Darasin Juma'a: Ambaliyar Ƙasar Katagum Da Abin Da Ya Hau Kanmu Tun Kafin Damina

 Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa, darasinmu na wannan makon a kan gida yake. Yawancinmu da ke sallah a wannan masallaci kasuwa ce ta kawo mu Legas, amma iyaye da gonaki da dangi suna can Disina, Yana, Foggo, Giade, Jama'are da Azare. A 'yan shekarun nan, da watan Agusta ya kama, kowa wayarsa na hannu, yana jiran ya ji ko ruwa ya shiga gari. In labari ya zo, bayan sallah a yi sanarwa, a tara gudunmawa, a aika. Wannan aikin alheri ne, Allah Ya saka wa duk wanda ya taɓa sa hannu. To amma tambayar da darasin yau zai duba ita ce: don me kullum sai ruwa ya gama ɓarna sannan kuɗinmu ke isa gida? Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu muna cikin rani, kuma yanzu ne lokacin wannan magana.

Abin da ke faruwa a gida

Mu fara da kogin. Kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake tasowa, inda a can sama ake ce masa Bunga. Ya ratso jihar Bauchi, ya bi ta ƙasar Shira da Jama'are da Zaki, ya je ya haɗu da kogin Haɗeja a wajajen Gashuwa, su zama kogin Yobe, wanda ke zuba a Tafkin Chadi. A ɓangaren Haɗeja akwai manyan madatsu biyu, Tiga da aka gama a 1974 da Challawa da aka gama a 1992. A kan namu kogin kuwa babu babbar madatsa. An daɗe ana zancen ta Kafin Zaki, an fara aiki an tsaya, kuma har yau akwai masu so da masu tsoron kada ta busar da fadamun mutanen da ke can ƙasa. Ma'ana dai, duk ruwan da ya sauka a sama, haka zai gangaro mana ba mai tare shi. Wannan ruwan ne arzikin fadamarmu, shi ke ba mu shinkafa da kifi da noman rani. In ya yi yawa kuma, shi ne ke cin gida da gona.

Dattawanmu sun fi sanin fari fiye da ambaliya. Sun ga farin 1973, sun ga na 1984, lokacin da shanu suka mutu, mutane da yawa suka bar ƙauyuka. Wasu iyayenmu ma a lokacin suka fara sanin hanyar kudu. Tafkin Chadi, wanda a 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, ya ƙafe har ya rasa kusan kashi 90 cikin 100 na girmansa a shekarun farin nan.

Yanzu kuma ku duba yadda lissafi ya juya. A 2012 an yi ambaliyar da ta kashe mutum fiye da 360 a Najeriya, ta raba sama da miliyan 2 da muhallinsu. A 2022 aka yi wadda ta fi ta, mutum fiye da 600 suka rasu. A Bauchi ta taɓa Zaki da Gamawa da maƙwabtansu, a Jigawa kuwa Haɗeja da Ringim sun ji jiki. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga 2024. A watan Agustan shekarar ruwa ya yi ɓarna a Shira da Giade da Katagum, har ya yanke babban titin Kano zuwa Maiduguri a cikin ƙaramar hukumar Katagum, titin da bai daɗe da samun sabon aiki ba. Ran 10 ga Satumba madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri, ya shiga fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa da Kasuwar Monday. Rabon da Maiduguri ta ga irin wannan tun 1994. Sai kuma 29 ga Mayu 2025 a Mokwa, garin da motocinmu ke bi kullum, inda ruwan dare ɗaya ya kashe mutum fiye da 150, kuma Unguwar Hausawa na cikin inda ya fi yi wa illa.

Ku lura da tazarar: 2012, 2022, 2024, 2025. Abin da a da mutum kan gani sau ɗaya ko biyu a rayuwarsa, yanzu yaro ɗan firamare ya gan shi sau uku. Ruwa ba ya tsami banza.

Mene ne sauyin yanayi?

Muna jin kalmar a rediyo, wasu na ɗauka zancen Turawa ne. Ga bayaninsa a sauƙaƙe.

Allah Ya lulluɓe duniya da iska. A cikin iskar akwai wani ɗan kaso da ke riƙe ɗumin rana, kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Ba don shi ba da sanyi ya hana rayuwa. Ɗaya daga cikin manyansa ita ce iskar kabon, wadda ke fita duk lokacin da aka ƙona fetur, dizal, kwal, gas ko itace. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane kaso miliyan na iska, kabon wajen 280 ne. Yau ya haura 420. Wato bargon ya ƙara kauri, zafi na shiga, fitarsa na wuya. Duk wanda ya taɓa buɗe motar da ta wuni a rana da gilashi a rufe ya san yadda abin yake.

Hukumar kula da yanayi ta duniya ta tabbatar cewa 2024 ita ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, ɗumin duniya ya ɗaga da wajen digiri 1.5 a kan yadda yake kafin masana'antu. Wani zai ce digiri ɗaya da rabi ai ba komai ba ne. To a tambayi uwar da zafin jikin ɗanta ya tashi daga 37 zuwa 38 da rabi, ita za ta faɗi ko komai ne. Mun kuma ga misali a aikin Hajjin 2024, inda zafi a Makka ya wuce digiri 51, alhazai fiye da 1,300 suka rasu.

Ina haɗin zafi da ambaliya? Ga shi. Iska mai ɗumi ta fi ɗaukar tururin ruwa. Duk ƙarin digiri ɗaya, tana ƙara ɗaukar wajen kashi 7 cikin 100. Kamar soso ne da ya ƙara girma: yana daɗewa yana tsotse damshin ƙasa, in kuma aka matse shi sai ya zubar gaba ɗaya. Shi ya sa manomi ke ganin abu biyu a damina guda. A yi shuka, ruwa ya ɗauke mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone, a sake iri. Can kuma cikin Agusta ruwan da ya kamata ya rarrabu a wata guda ya sauko a kwana biyu. Ƙasa ba za ta iya shanye shi ba, kogi ba zai iya ɗauke shi ba. Fari da ambaliya uwarsu ɗaya. Bayan ambaliyar 2022, ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta yi bincike, ta ce ɗumamar duniya ta sa yiwuwar irin ruwan da aka yi a yankin Tafkin Chadi a waccan daminar ta ninka kusan sau 80.

Gaskiya ne ba mu muka jawo mafi yawan wannan ba. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da duniya ke fitarwa. Manyan masu fitarwa su ne irin su Sin, Amurka da ƙasashen Turai. An yi yarjejeniyar Faris a 2015 don rage hayaƙi. A 2022 a Sharm el-Sheikh ta Masar aka amince a kafa asusun taimakon ƙasashen da abin ya fi yi wa ɓarna. A nan gida, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar sauyin yanayi a Nuwamban 2021. Duk wannan haƙƙinmu ne mu bi kadinsa. Amma kogin Jama'are ba zai jira a gama taro a ƙasar waje ba.

Kuma akwai namu kason, wanda bai kamata mu ɓoye ba. Mun sare itatuwan da ke riƙe ƙasa, ruwa na kwaso yashi yana cike cikin kogi, kogi ya rasa zurfi sai ya fantsama gefe. An sayar da filaye a kan hanyar ruwa an yi gini. Kududdufan da kakanni suka bari a bayan gari don su riƙa shanye ruwa, an cike su an yanka fuloti. Kwalbatoci sun toshe da leda. Can ƙasa wajen Haɗeja da Nguru ciyawar kacala ta shaƙe hanyoyin ruwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ashe ba ƙaddara ba ce?

Wannan ce tambayar da ta fi yawa, kuma tambaya ce mai kyau. Eh, ƙaddara ce. Babu ɗigon ruwan da ke sauka sai da izinin Allah, wannan imaninmu ne, ba mai ja. Sai dai wanda Ya ƙaddara ruwan Shi ne Ya ba mu hankali, Ya kuma umarce mu da riƙon sababi. Mu duba misalai huɗu da kowa ya sani.

Na farko, Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Da aka sanar da shi shekara bakwai na wadata za su zo, bakwai na yunwa su biyo, bai ce a zauna a jira ba. Ya tsara a yi noma, a ci kaɗan, a adana saura a cikin zangarniyarsa don kada ya lalace, ya kuma nemi a ba shi riƙon taskokin ƙasa domin ya san kan aikin. Tun shekarar farko ta wadata aka fara ajiya. Da an bari sai yunwa ta shigo, da ba abin da za a tara.

Na biyu, Annabi Nuhu. Ya sassaƙa jirgi a kan busasshiyar ƙasa, mutane na wucewa suna yi masa dariya. Duk wanda zai yi aikin rigakafi cikin rani ya shirya jin irin wannan dariyar.

Na uku, mutumin da ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah. Aka umarce shi ya ɗaure ta tukuna, sannan ya yi tawakkalin.

Na huɗu, Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi. Yana kan hanyar Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'a. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake, ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Haka kuma, da fari ya afka wa Madina da kewaye, ya rubuta wa gwamnoninsa na nesa, Amru ɗan Asi ya aiko da abinci daga Masar. Ku lura, waɗanda ke nesa, inda abin bai taɓa ba, su aka ɗora wa nauyin ceto gida. A wannan ƙissar mu ne mutanen Masar.

A nan akwai gargaɗi guda. Kada mu riƙa cewa wane gari zunubinsu ne ya jawo musu ruwa. Wannan shiga hurumin Allah ne. Tsohuwar da ɗakinta na ƙasa ya faɗi ba ta fi mai benen siminti laifi ba, talauci ne ya sa ta a kwari. Tuba da istigfari na kanmu duka. Gyaran kwalbati ma haka.

Addininmu kuma bai bar zancen ƙasa da itace a baya ba. Ya tabbata cewa Musulmin da ya dasa itace, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi sadaka ce a gare shi. An hana almubazzaranci da ruwa ko a wajen alwala. An hana yin ƙazanta a hanyar mutane da inuwarsu da wurin ɗiban ruwansu. Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa tunkuɗe ɓarna shi ake gabatarwa. A watan Agustan 2015 malamai da masana daga ƙasashen Musulmi suka taru a Istanbul suka fitar da sanarwa a kan sauyin yanayi, suna kira ga Musulmin duniya su tashi tsaye. Saboda haka wannan ba baƙon zance ba ne a masallaci.

Ta ina ya taɓa ɗan kasuwa?

Wani zai ce ni ina Mile 12 ko Agege, ruwan Disina bai zo rumfata ba. Ya zo, Alhaji, sai dai bai zo da laka ba. Tattasai, albasa, tumatir, wake, shinkafa, shanu da tumakin da muke sayarwa, daga ina suke? In gona ta nutse, kaya sun yi tsada tun daga tushe, mai saye a nan ya rage mudu. In titi ya yanke, mota ta kwana uku a hanya, ɗanyen kaya ya ruɓe, kuɗin mota kuwa sai an biya. A Oktoban 2022 ruwa ya rufe hanyar Lokoja zuwa Abuja a Koton Ƙarfe, manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye, har man fetur ya yi wuya a Abuja. Duk wanda ke da kaya a hanya a lokacin bai manta ba.

Sannan ga nauyin gida. Shekarar da amfani ya yi kyau, abin da za ka aika na cefane ne da kuɗin makaranta. Shekarar da ruwa ya ci gona, kai ne rumbun gidan har wata kaka. Ga gyaran ɗaki, ga asibiti, don bayan ambaliya rijiyoyi kan gurɓace, amai da gudawa da zazzaɓin sauro su biyo baya. Ga ƙanne da za su taso su biyo ka Legas ba jari ba wurin kwana. Jarin mutum nawa ya karye ta wannan hanyar? Ko ta fuskar ciniki aka duba, buhun simintin da aka saya a watan Maris aka ɗaure gindin katanga ya fi arha a kan sake gina ɗakin a watan Oktoba.

Abin da maƙwabta suka yi

Kada wani ya ce talaka ba abin da zai iya. A jihar Maraɗi ta Nijar, bayan farin shekarun 1980, manoma suka ɗauki wata dabara mai sauƙi. In ana sharar gona, maimakon a sare duk tohon da ya fito daga tsohon kututture, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a sassabe saura, a kare su daga dabba da gatari. Saiwar na nan da rai a ƙasa, saboda haka itacen kan tashi da sauri fiye da dashe, kuma ba ya neman ban ruwa. Wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗa dabarar, amma manoma ne suka riƙe ta, maƙwabci na koya daga maƙwabci. An ƙiyasta cewa ta haka aka dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram. Da yawansu gawo ne, wanda kowane manomi ya san halinsa: yana zubar da ganye da damina, bai tare wa gero rana, ƙasar gindinsa kuma ta fi ko'ina ƙarfi.

A Burkina Faso, wani manomi, Yacouba Sawadogo, ya farfaɗo da tsohuwar dabarar haƙa ƙananan ramuka a ƙasar da ta mutu, a zuba taki tun cikin rani, ruwan farko ya taru a ciki. Da fari an ɗauke shi mai taɓin hankali. A 2018 aka ba shi babbar lambar yabo ta duniya. Hausawa ne da maƙwabtan Hausawa, da fartanya da gatari irin namu.

Abin yi kafin ruwa ya sauka

1. Mu raba gudunmawa gida biyu. Ta jaje tana nan, ba za a daina ba. Amma a buɗe ta rigakafi, wadda za a tara daga kaka zuwa watan Afrilu. A misali, in mutum 100 suka riƙa ba da naira 1,000 duk Juma'a na mako 20, an tara naira miliyan 2. A naɗa amintattu a nan da can, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta a gaban jama'a. Rashin bayyana lissafi shi ke kashe irin wannan tafiya.

2. A tambayi mutanen gida kafin a yanke. Su suka san ta inda ruwa ke shigowa, wace kwalbati ce ta toshe, wace unguwa ce ke fara nutsewa. A bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi da limamai, a sa matasa aikin gayya na yashe magudanai da tara buhunan yashi tun watan Mayu.

3. A riƙa bin hasashe. Hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara: yaushe ruwa zai fara, yaushe zai ɗauke, ina za a sami tsaikon ruwa. Hukumar NIHSA kuma kan fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Hasashe ba duba ba ne, ba kuma da'awar sanin gaibu ba ce. Lura ce da alamomin da Allah Ya sanya, kamar yadda tsoho ke kallon gabas ya ce a kwashe shanya. Wani lokaci yakan saɓa, amma ya fi zama cikin duhu. Mu da ke da manyan wayoyi, mu nemo, mu tura wa na gida da muryar Hausa.

4. A taimaka da iri. Akwai gero mai saurin nuna irin Sosat, akwai wake da masara masu gajeren zango daga cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya. Ga masu shinkafar fadama, a 2017 an fitar da FARO 66 da FARO 67, waɗanda kan jure nutsewa a ruwa har wajen mako biyu. A nemi malamin gona ya nuna inda za a sami na gaskiya, don jabun iri ya yi yawa. Kuma a daina zuba duk ƙarfi a gona ɗaya ta kwari, a raba da ta tudu.

5. Gida da rumbu. In za ka aika kuɗin gini, fara da ɗaga harsashi da ɗaure gindin katanga da gyara indararo, fenti ya biyo baya. A ɗaga rumbu, a ajiye wake a buhun PICS mai ciki uku, a kan katako, ba a ƙasa ba. A ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi. Takardun gona da na makaranta a sa su a leda a rataye sama. Wanda kuma zai sayi fili a gida, ya tambayi tsofaffi ko ruwa ya taɓa kwanciya a wurin. Arhar fili a hanyar ruwa tsada ce.

6. A san inda za a gudu. Kowane gida ya san tudun da zai nufa, da wanda zai ɗauki tsoho, da wanda zai kora dabbobi. In hukuma ta ce a tashi, mu da ake jin maganarmu mu buga waya mu lallashi iyaye su tashi. A hana yara da direbobi ratsa ruwa mai gudu, a kuma daina cika kwalekwale fiye da kima.

7. Itace. Duk mai gona a gida ya sa a bar masa toho kamar yadda mutanen Maraɗi suka yi. Wanda zai dasa, ya ware kuɗin kariya da ban ruwa na rani biyu, don dashen da akuya ta cinye ba lada ba inuwa. Bauchi na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Itatuwa ta Afirka ya shafa, muna da damar tambayar ina rabon ƙasarmu. 'Yan'uwa masu harkar gawayi da itace, ba a ce sana'arku haram ba ce, kuma mun san tsadar gas ce ta mai da gidaje da yawa kan gawayi. Amma ku tambayi inda ake saro muku. A guji ɗanyen itace da masu 'ya'ya irin ɗorawa, kaɗanya da tsamiya, a kuma mayar da wani abu daga riba wajen dashe. Iyayenmu mata, murhu mai tsimin itace na rage kashe kuɗi, yana rage hayaƙin da ke cin ido da ƙirji.

8. Nan inda muke. Legas ma ruwa na cinta duk shekara. Ledar ruwa da ɓawon kaya da muke watsawa a kwata su ke dawo mana cikin rumfa. Baƙo mai tsabta shi ake marmarin zamansa. Mu fara da kwatar ƙofar masallacin nan.

9. A yi magana da masu mulki. Gyaran gada, yashe kogi da gina katangar kare gari sun fi ƙarfin aljihunmu, aikin gwamnati ne. Muna da kansila, shugaban ƙaramar hukuma, 'yan majalisar jiha da na tarayya, ga hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. A rubuta musu takarda cikin ladabi, da sa hannun jama'a, a ambaci wuri da abin da ake nema. In sun zo neman ƙuri'a, a fito da kwafin takardar.

Tambayoyin bita a gida

Maigida ya zauna da iyali bayan sallar isha'i a tattauna waɗannan:

1. Ta yaya zafi ke jawo fari da ambaliya a damina ɗaya?
2. Me Annabi Yusufu ya yi a shekarun wadata, kuma mene ne makamancinsa a gidanmu?
3. A cikin abin da muka aika gida bara, nawa ya tafi gyaran ɓarna, nawa ya tafi hana ta?
4. In ruwa ya shiga gidanmu na can da tsakar dare, wa zai ɗauki tsofaffi, ina za a kai su?
5. Wane abu ɗaya za mu yi kafin watan Mayu?

Duk wanda ke da shawara a kan asusun rigakafi, ko yake son a sa shi cikin masu kula da shi, ya sami liman ko ɗaya daga cikin dattawan kwamiti bayan sallah. Mata su ma a ji ta bakinsu, don su suka fi sanin abin da gida ke rasawa in ruwa ya shiga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a ruwa, Ya karɓi shahadarsu. Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri. Ya ba mu damina mai albarka, ruwa mai amfani ba mai ɓarna ba. Ya tsare Disina da ƙasar Katagum da Najeriya baki ɗaya, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya mai da mu gida lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Daga Sakataren Masallaci